Kyautar abokin keke: gwada ta a gida kafin ka hau hanya

Idan ranar zagayowar haihuwarka ta zo, abokinka mai hawan keke ya miƙo maka jaka, za ka iya canka abin da ke ciki tun kafin ka buɗe. Da wuya a rasa hular kwano, ƙaramin famfo, ɗan akwatin kayan faci, fitilu biyu fara da ja, da gorar ruwa. In kuma aljihunsa da nauyi, har da tanti da jakar barci. Mai keke abin da ya taɓa fitar da shi kunya a hanya shi yake saya wa wanda yake ƙauna, kuma ƙarƙashin kyautar akwai gayyata: taso mu tafi tare.

Inda gizo ke saƙar shi ne, sau da yawa ya yi sayayyar ne da nasa keken a ransa, da girman nasa kan. Kayan na iya zama masu kyau ƙwarai amma su ƙi kekenka. Mafi munin wurin gano haka kuwa shi ne bakin titi, kilomita 20 daga gida, taya a kwance, rana a tsaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware yamma guda, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka jawo keken kusa, ka bi kayan ɗaya bayan ɗaya.

Fara da famfo, don shi ya fi yawan yaudara. Bawul ɗin tayar keke iri uku ne. Akwai Schrader, mai kauri irin na mota da babur, da ɗan tsinke a tsakiyarsa. Akwai Presta, siriri dogo, mai ɗan noti a kai wanda sai ka warware shi iska take shiga. Shi ne a kan yawancin kekunan tsere da ake shigo da su daga Turai. Sai Dunlop, wanda muka saba gani a tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix, mai 'yar roba a ciki da take tsagewa in ta tsufa. Yawancin ƙananan famfuna na zamani suna ɗaukar Schrader da Presta duka, amma ba kai tsaye ba. Sai ka warware murfin bakin famfon, ka ciro robar da ɗan filastik ɗin da ke ciki, ka juya su, ka mayar. Mutane da yawa sun jefar da famfo mai lafiya suna cewa ya lalace, alhali wannan juyin ne ba su sani ba. Bakin Presta galibi yana kama Dunlop.

In bawul ɗinka Presta ne, ka nemi ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla da ake ɗaura masa ya koma kamar na mota. Bai kai yatsa ba, amma shi zai ba ka damar shan iska wurin kowane mai faci a bakin hanya. Sai dai ka tsaya a kansa. Injin mai faci an yi shi ne don tayar mota, tayar keke kuwa cikinta kaɗan ne, cikin daƙiƙu kaɗan sai ka ji ta fashe kamar bindiga. A jikin kowace taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka, da psi ko bar, wato ma'aunan matsin iska, kuma bar ɗaya kusan psi 14.5 ne. Siririyar tayar tsere tana son kamar 80 zuwa 100, mai kaurin hawan daji kuwa 25 zuwa 40 ya ishe ta. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da kwalta take ƙona tafin ƙafa, kada ka kai ta iyaka, saboda zafi yana ƙara mata matsi.

Ka sace iskar tayarka da gangan, ka cika ta da sabon famfon. Za ka ga ƙaramin famfo yana iya cin bugu 200 ko fiye kafin taya ta yi tauri, kuma za ka koyi riƙon da ya dace: hannu ɗaya ya haɗa bakin famfon da rim ya riƙe su gam, ɗayan yana bugu. In ka bar bawul yana rawa da kowane bugu, tub zai yage daga gindin bawul, wurin da faci ba ya kamawa.

Idan an haɗa maka da sabon tub, kada ka yarda da lambar inci kaɗai. Nemi wata lamba mai kashi biyu a gefen tayarka, kamar 37-622 ko 50-559. Ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu faɗin da'irar rim daga wannan gefe zuwa wancan. 559 ita ce 26 ta kekunan daji, 584 ita ce 27.5, 622 ita ce 700C da kuma 29, sannan 635 ita ce 28 x 1½ ta tsohon keken da ake ɗora buhu a kariyarsa. Ga tarkon: akwai tayoyin 622 da ake rubuta wa inci 28, akwai na 635 da su ma ake ce wa 28, kuma taya ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Haka nan ramin rim na Presta ƙarami ne, Schrader ba zai shiga ba. Tub mai Presta zai shiga babban rami, amma zai riƙa motsi sai an sa masa ɗan zobe.

Yanzu kayan faci, wanda a ƙasarmu ya fi kowace kyauta amfani. Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta ya bi burtali ya san tsaida da ƙayar bagaruwa da ta aduwa. A cikin akwatin za ka tarar da faci guda shida ko takwas, ɗan bututun sholisho, guntun sanfefa, da 'yan filastik biyu ko uku masu lanƙwasa na ɓanɓaro taya. Ka yi amfani da su, ka bar sukudireba da cokali, don ƙarfe mai kaifi yana huda tub ɗin da kake son ceta, yana kuma ɓata bakin rim.

Ga yadda aikin yake. Ka fitar da sauran iskar duka, ka matse gefen tayar zuwa tsakiyar rim ko'ina don ta saki. Ka cusa filastik na farko a ɓangaren da ke nesa da bawul, ka ɗaga, ka maƙale shi a wayar taya. Na biyu ya shiga kamar taƙi guda daga na farko, sai ka ja shi ya zagaye. Ka zaro tub, ka ba shi iska kaɗan, ka bi shi kusa da leɓenka, don leɓe yana jin iskar da ido ba ya gani. In da ruwa a kwano, kumfa za ta nuna maka. Kafin ka taɓa sholisho, ka koma cikin tayar ka bi ta da yatsa a hankali, ko da ɗan ƙyalle wanda zai maƙale a ƙaya. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ya sa mutum zai yi faci mai kyau, ya yi tafiyar minti biyar, taya ta sake kwanciya. Ƙayar tana nan inda take.

Siffar hujin ma tana ba da labari. Huji ɗaya ta wajen titi ƙaya ce ko ƙusa. Huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, ka faɗa rami, rim ya matse tub. Huji ta ciki, wajen rim, yana nufin robar da ke rufe kan wayoyi ta goce ko ta tsage, kuma in ba ka gyara ta ba, faci goma ma ba za su ishe ka ba.

Ka goge wurin da sanfefa har ƙyallin robar ya tafi, ya fi facin faɗi kaɗan. Ka shafa sholisho siriri, sau ɗaya. Sannan ka jira. Minti uku zuwa biyar, har ya daina sheƙi ya bushe. Nan gaggawa take kayar da mutane, domin suna ɗauka gam ne da ake mannawa da danshinsa. Ba haka yake aiki ba: sai ruwan cikinsa ya tashi sannan yake haɗa roba da roba. Ka ɓare takardar azurfar facin ba tare da yatsanka ya taɓa fuskarsa ba, ka ɗora, ka danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe na tsawon minti guda. Ɗan ƙurar ƙasa mai laushi ko hoda a kai zai hana shi manne wa taya. Wajen mayarwa, ka ba tub iska kaɗan ya ɗauki siffarsa, bawul ya fara shiga, ka ƙarasa da tafin hannu in zai yiwu, ka leƙa ko'ina ka tabbata tub bai leƙo ƙarƙashin bakin taya ba.

Abu ɗaya game da sholisho: da zarar ka huda bututun, zafinmu yana busar da shi cikin 'yan watanni ko da ka rufe. Bututun zai yi kamar cike yake, ka matsa iska kawai ta fito. Ka riƙa dubawa kafin doguwar tafiya. Ni a ganina ma tub guda na ajiya ya zama dole, a naɗe cikin tsohuwar safa don kada ƙarfe ya goge shi a jaka. A hanya ka canza tub, faci kuma ka yi shi a gida cikin natsuwa.

Hular kwano ita ce kyautar da ta fi kowace daraja, ita ce kuma aka fi kuskuren girmanta. Ka ɗauki tef ɗin tela ka auna zagayen kanka, ɗan sama da gira da kunnuwa. Yawancin kamfanoni ƙarama tana kama 51 zuwa 55 na santimita, matsakaiciya 55 zuwa 59, babba daga 59 zuwa sama, amma lambar da ke manne cikin hular ita ce abin bi. Mace ta auna da irin kitson da take yi da ɗan siririn mayafin da za ta sa ƙarƙashi, don kitso mai tudu yana canza awo. Namiji kuma ya sani ba a ɗora ta kan hular saƙi ko wata hula mai tauri.

Ta zauna daidai, ba ta koma ƙeya ba. Tsakanin gira da bakin hula yatsu biyu. Igiyoyin gefe su haɗu daidai ƙarƙashin kunne, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Ƙarƙashin haɓa yatsa ɗaya ko biyu su shiga, ba fiye ba. Ka murɗa ɗan maɓallin baya har ta kama, sannan ka sunkuya ka girgiza kai tun ba ka ɗaura igiya ba. In ta faɗi, ta yi maka yawa. In ka buɗe baki sosai bayan ka ɗaura, ya kamata ka ji ta ɗan danno kanka. Hular da aka tura baya goshi na waje ado ce kawai, don yawanci mai keke ta gaba yake faɗuwa.

Ka leƙa ciki ka nemi tambarin EN 1078, ma'aunin Turai, ko CPSC na Amurka. Abin da ke kare kai ba kwanon waje mai sheƙi ba ne, farin ko baƙin soso mai tauri ne na ciki, wanda yake murƙushewa ya shanye bugu. Sau ɗaya yake yin wannan aikin. Hular da ta taɓa bugun ƙasa da kai a ciki ta gama aikinta ko da ba ka ga tsaga ba. Saboda haka ba na son hular gwanjo, komai kyanta, don ba wanda ya san tarihinta. Kada a bar ta cikin mota a rana, kada a goge ta da fetur ko kananzir, suna cin soson. Ruwa da sabulu sun isa.

In akwai ƙarfen kwance kusoshi mai naɗewa kamar wuƙar aljihu, mai 'yan sanduna masu kusurwa shida, ka sani yawancin kekunan zamani da lamba 4, 5 da 6 ake kwance su: sirdi, kai, birki. Amma ka duba tayarka. In da noti aka ɗaure ta, ba da ɗan hannun da ake ɓallewa ba, to sai ka ƙara sifana mai lamba 15 a jakarka, in ba haka ba kana da kayan faci amma ba ka iya cire taya. Tsohon keke kuwa kusan duk jikinsa noti ne, wannan ƙarfen ba zai yi masa komai ba. Kuma a tuna fedar hagu a juye take, ana kwance ta ne ta ɓangaren da ake ɗaure sauran. An lalata zare da yawa saboda rashin sanin wannan.

Fitilu ba su da wuyar sha'ani. Fara gaba, ja baya, kada a musanya. A cikin gari inda akwai haske, mai lumen 200 zuwa 400, wato ma'aunin ƙarfin haske, ta isa a gan ka. Hanyar da ba fitila ko ɗaya tana son 600 ko fiye. Ka sunkuyar da ta gaba ta haska ƙasa 'yan mitoci a gabanka, ba idon direban da ke tahowa ba. Ka yi mata cikakken caji, ka kunna ta a ɗaki da hasken da za ka yi amfani da shi, ka duba agogo, don awannin da ke jikin kwali galibi na mafi ƙarancin haske ne. In an rubuta IPX4 a jikinta, yana nufin tana jure yayyafi da fantsama, ba nutsewa ba. A hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari, ka kunna ta baya har da rana.

Gorar ruwa tana zama cikin ɗan kejin da ake ɗaura wa jikin keke da kusoshi biyu masu tazarar milimita 64. In kekenka ba shi da ramukan, akwai maɗauri na musamman, ko a yanka tsohon tub a ɗaure da shi. Gora ɗaya tana ɗaukar mililita 500 zuwa 750, kuma a zafin bazara wannan ruwan awa guda ne, wani lokacin bai ma kai ba. Wanda zai yi awa uku ya san inda zai ƙara. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri, shi ya sa wani zai sha ruwa har cikinsa ya cika amma ƙafa ta riƙa ɗaurewa. Haɗin nan da aka sani na asibiti yana aiki: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ka zuba wannan, ko zoɓo, ko kunun aya, ka wanke gorar a ranar, ka ciro bakinta ka wanke shi daban, ka kife ta a buɗe. Baƙin da ke taruwa a cikin bakin gora yana ɓata ciki.

In akwai ɗan kwalban man sarƙa, karanta ko na rani ne ko na damina. Mai kauri na damina a lokacin hunturu yana kama ƙura ya zama kamar sanfefa, ya cinye sarƙa da haƙoran giya. Baƙin mai na inji da ake yawan zubawa shi ma haka. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, ka bari ya shiga, sannan ka goge na waje tas da tsumma. Man da ke aiki yana ciki ne, na waje tarkon ƙura ne.

Wandon keke mai soso a tsakiya yana sa wasu jin nauyi saboda yadda yake kama jiki. Ba dole a gan shi ba. A sa shi ciki, a ɗora dogon wando mara nauyi a kai, a ɗaure ƙafar dama don kada sarƙa ta kama. Wandon keken an yi shi ne ya taɓa fata kai tsaye, don ɗinkin wani wando a ƙarƙashinsa shi ke goge cinya ya kawo ƙuraje. A wanke shi bayan kowane hawa.

Tanti kuma, ka kafa shi a tsakar gida da rana, ka ƙirga sanduna da turaku, ka ja kowane zif, ka duba ragar sauro ko da ɗan huji. Sannan ka watsa masa ruwa da buta ko bokiti ka shiga ciki ka duba ɗinki, don ta nan yake fara yoyo. Lambar da aka rubuta da milimita, kamar 1500 ko 3000, ƙarfin jure ruwa ce, kuma ga ruwan watan Agusta mai zuwa da iska babbar ta fi. Siraran turakun da ke zuwa da tanti suna lanƙwashewa a busasshiyar ƙasar rani, don haka ka sa maƙeri ya yi maka guda shida masu kauri. A kafa su a karkace, kansu yana kallon nesa da tanti. Kada ka naɗe shi da danshi, kwana biyu ya isa ya yi fumfuna da wari. Kada a kafa shi a busasshiyar ƙorama ko kwari da damina, ruwan da aka yi a wani gari yana iya iske ka cikin dare. Kuma ko sanyi ya kai yaya, gawayi ko risho ba sa shiga tanti, hayaƙinsu marar wari yana kisa cikin barci. Da safe a zazzage takalmi saboda kunama.

Jakar barci tana zuwa da lambobin sanyi har uku. Ta farko, ta jin daɗi, ita ce abin dubawa. Ta ƙarshe ta tsira da rai ce kawai. Wadda aka yi don ƙanƙarar Turai za ta dafa ka a Sakkwato ko Maraɗi, amma a tsaunukan Jos cikin Disamba da Janairu, inda ƙasa ta haura mita 1,200, za ka gode wa wanda ya ba ka. A gida kada ta zauna a matse cikin 'yar jakarta, a rataye ta ko a sa ta cikin babban buhu, in ba haka ba cikinta zai kwanta ya daina riƙe ɗumi. Maganar kwana a waje kuwa, halin tsaro ya sa ba ko'ina ba ne. A tambayi mutanen wuri, a gaida mai unguwa ko dagaci a nemi izini, a kwana kusa da jama'a, kuma wani a gida ya san hanyar da aka bi.

To in ka gama gwaji ka ga wani abu bai dace ba fa? Yaba kyauta tukwici, gaskiya ne, amma yin shiru da hular da ta yi maka yawa ba kara ba ce. Kada ka cire takardun jiki ko ka yar da kwali sai ka gwada. Ka yi godiya tukuna yadda ya kamata, sannan ka ce masa, “Abokina, hular nan ta yi kyau, amma kaina 60 ne, ita kuma 58 ta tsaya.” Mai keke na gaske daɗi zai ji, don ya ga ka ɗauki abin da muhimmanci, kuma shi ya san inda za a musanya.

Fitar farko ta zama gajera, kilomita 10 zuwa 15, da sassafe bayan asuba, a hanyar da ka sani, tare da shi mai kyautar. Ka ɗauki duk kayan kamar doguwar tafiya za ka yi. Da kun dawo, ka bi kusoshin kejin gora da maɗaurin fitila ka ƙara ɗaure su, don girgizar hanya tana sassauta sabon ɗauri. Ka cire hula ka dubi goshinka a madubi: jan layi mai zafi yana nufin ta matse, sai a sassauta maɓallin baya ko a sa siraran soson da suka zo da ita. Ka taɓa tayoyin biyu da babban yatsa, ka sake taɓa su washegari da safe.